Mai digirin injiniya ma yana faɗuwa a kan −3x > 12

Wannan magana ta daɗe tana cina, yau dai zan amayar da ita, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Duk Asabar da yamma ina zama da wasu matasa masu shirin jarrabawar GRE ko GMAT, wato jarrabawar da jami'o'i da yawa a Amurka da wasu ƙasashe ke nema kafin su ɗauki mutum karatun digiri na biyu ko na uku. Akwai 'yan bautar ƙasa a cikinsu, akwai ma'aikacin banki, akwai wanda ya karanta injiniya ya fito da sakamako mai kyau. Ranar farko nakan rubuta abu ɗaya a allo: −3x > 12. In ce kowa ya nemo min x. Kafin in ajiye alli hannaye sun tashi. Kuma kusan kullum sai an samu waɗanda suka rubuta x > −4, suna murmushi, suna ganin na raina musu hankali.

Amsar ita ce x < −4. Dokar ita ce, in an raba da lamba mai mainos, alamar "ya fi" juyawa take yi ta koma "bai kai ba". In kana shakka ɗauki sifili, wanda ya fi −4, ka saka a gurbin x. Zai ba ka 0 > 12. Ƙarya ce tsagwaronta.

Da na nuna wa injiniyan nan haka sai ya dafe kai ya ce, "Kai Malam, wallahi na san dokar, mantawa na yi." Na ce masa ai matsalar kenan, doka ka sani. Abin da aka haddace ana iya manta shi, musamman in agogo na gudu a saman allon kwamfuta, zufa na keto maka duk da sanyin ɗakin. Abin da ka fahimta kuwa ba ya gudu ya bar ka.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: yaranmu ba lissafi ne ya fi ƙarfinsu ba. Lissafin da ke cikin GRE bai wuce na sakandare ba, babu ko ɗigon lissafin jami'a a ciki. Abin da ke kayar da su shi ne tarbiyyar da muka samu tun daga shirin WAEC da JAMB, inda aka koya mana cewa kowace tambaya tana da tsari ɗaya, ka haddace matakai, ka tsallakar da wannan can, ka raba da wancan, x ya fito shi kaɗai da amsa guda. Su kuwa masu tsara waɗannan jarrabawa, ETS mai GRE da GMAC mai GMAT, sun san akwai irinmu a duk duniya. Shi ya sa suke son tambayoyin rashin daidaito, wato masu alamar "ya fi" da "bai kai ba", da kuma tambayoyin lambar da aka saka tsakanin sanduna biyu. A nan ne mai hadda ke tona wa kansa asiri.

Mu koma kan alamar da ke juyawa. Me ya sa take juyawa in an ninka ko an raba da lamba mai mainos? Je ka tambayi mai shagon unguwarku da littafin bashinsa. Wanda ke da naira 5,000 a aljihu ya fi mai naira 2,000. To juya lamarin ya zama bashi: wanda ake bi 5,000 da wanda ake bi 2,000, wa ya fi wani kwanciyar hankali? Mai ƙaramin bashin. Biyar ta fi biyu, amma −5 ba ta kai −2 ba. Ninkawa da mainos mayar da dukiya bashi ne, na gaba ya koma baya. Wannan misali ba ni na ƙago shi ba. Masanin lissafi na Indiya, Brahmagupta, tun shekarar 628 ya rubuta dokokin waɗannan lambobi, kuma da kalmomin dukiya da bashi ya bayyana su. Mu ne muka zo muka cire wa abin rai, muka bar yara da "in ka ga mainos ka juya."

Wanda kuma yake tsoron zai manta, akwai hanyar da ba sai ya raba da mainos ba sam. A −3x > 12, ƙara 3x a kowane gefe, ka ɗebe 12 a kowane gefe, ka samu −12 > 3x, wato −4 > x. Tarawa da ɗebewa ba sa taɓa alamar. Amsa ɗaya ce, ba tare da ka taka ƙaya ba.

Amma wannan mainos ɗin da ido ke gani ne. Mugun shi ne wanda ya ɓuya cikin harafi. Misali a ce maka x/y > 1, a tambaye ka ko x ya fi y. Hannu zai yi ƙaiƙayi ya ninka kowane gefe da y, ya rubuta x > y, a wuce wurin. Wa ya gaya maka y ba bashi ba ne? Ɗauki x a matsayin −6, y a matsayin −2. Rabawar ta ba da 3, wanda ya fi 1, amma −6 ba ta kai −2 ba. Irin wannan tambaya ita ce abincin GMAT, a nau'in nan da ba a neman amsa daga gare ka, sai dai a ba ka bayani biyu a ce ka faɗi ko sun isa a yanke hukunci. Tun da aka sabunta jarrabawar a ƙarshen 2023 an ɗauke wannan nau'i daga sashen lissafi an kai shi sashen nazarin bayanai, amma halinsa bai canza ba. Kada ka ninka ko ka raba da harafin da ba ka san ko dukiya ne ko bashi ba. Baƙon da ba ka san asalinsa ba, ba ka ba shi makullin ɗaki.

Yanzu ga sanduna biyu, inda na fi son in daɗe.

A makaranta an ce mana |−7| daidai yake da 7, sanduna suna "cinye mainos". Shi kenan bayanin. Da wannan guntun ilimi mutum zai shiga jarrabawar da ya biya wa sama da dala 200, a wannan marra da canji ya zama abin da ya zama. Sanduna biyu tazara suke nufi. |x| na nufin nisan x daga sifili. |x − 3| na nufin nisan x daga 3. Tazara kuwa ba ruwanta da gabas ko yamma.

Ga yadda nake faɗa wa ɗalibaina. Direba ya kira ka a waya ya ce, "Alhaji, mota ta lalace, tsakanina da Zariya kilomita 20." Ina za ka tura bakanike? Ba ka sani ba tukuna. Yana iya zama ta ɓangaren Kano, yana iya zama ta ɓangaren Kaduna. Wuri biyu ne. Haka |x − 3| = 5 take: tsaya a kan 3, yi taku biyar dama ka sauka a 8, yi taku biyar hagu ka sauka a −2. In kuma cewa aka yi |x − 3| < 5, direban bai yi nisan da ya kai biyar ba, yana wani wuri tsakanin −2 da 8. In aka ce |x − 3| > 5, ya wuce iyakar ta ɗayan ɓangarorin biyu: ko dai ƙasa da −2, ko sama da 8. Ba hadda, ba waƙa. Layi ɗaya ka ja a takardar gwaji, ka ɗiga tsakiya, ka ƙirga taku.

Wata ɗaliba, wadda ta karanta tattalin arziki, ta taɓa tsayar da ni a nan. Ta ce, "To Malam, in da tarawa ne fa a ciki? Kamar |2x + 6| ≤ 10?" Na miƙa mata allin. Ta raba komai da 2, ta samu |x + 3| ≤ 5, ta tsaya tana kallon allo. Na ce mata x + 3 ai x − (−3) ne. Sai ta ja layi, ta ɗiga −3 a tsakiya, ta ƙirga biyar hagu ta rubuta −8, ta ƙirga biyar dama ta rubuta 2. Na ce madalla, cikakkun lambobi nawa ne a wannan fili? Ta ce goma. Rabin ajin suka gyaɗa kai. Na ce ta ƙirga da yatsa. Ta fara daga −8 tana bi ɗaya bayan ɗaya, da ta zo kan 2 sai ta yi dariya ta ce, "Sha ɗaya." Tazarar goma ce, amma turakun sha ɗaya ne, kamar mai kafa shinge. Kuma ina tabbatar muku, a jarrabawar gaske goma ɗin nan tana zaune cikin zaɓin amsoshi tana jiran mai gaggawa.

Da zarar ido ya saba ganin tazara, tambayoyin da ke razana mutane sai su zama wasa. A ce a nemo mafi ƙanƙantar abin da |x − 1| + |x − 7| zai iya zama. Mai hadda zai fara kasa lissafi gida uku, minti huɗu sun tafi. Kai kuwa ka ga gida biyu a titi ɗaya, ɗaya a lamba 1, ɗaya a lamba 7, za a haƙa rijiya a x, ana son jimillar tafiyar gidajen biyu ta yi ƙaranci. Ko'ina ka haƙa ta tsakaninsu, jimillar 6 ce. In ka fitar da ita waje, tafiya ta ƙaru. Amsa 6.

Lokacin nan da nake ta ambata ba wasa ba ne. Tun Satumbar 2023 da aka gajarta GRE, sashen lissafi tambaya 27 ne cikin minti 47, wato kowace tambaya ba ta samu minti biyu cikakku ba. GMAT kuma tambaya 21 cikin minti 45, kuma a wannan sashe babu kalkuleta. GRE tana ba ka kalkuleta a kan allo, amma me za ta yi maka a tambayar da ba lissafi take nema ba, tunani take nema?

Ba wai ina cewa zanen layi ya wadatar a ko'ina ba. Akwai inda dole ka warware da hannu, kuma a nan akwai wani rami. Ɗauki |x − 2| = 2x − 7. Hanya ta farko, x − 2 = 2x − 7, ta ba da 5. Hanya ta biyu, −(x − 2) = 2x − 7, ta ba da 3. Ka ji daɗi, ka tuna da amsa biyu. To mayar da su gida ka gani. Da 5, kowane gefe 3 ne, lafiya lau. Da 3, hagu ya ba da 1, dama ya ba da −1. Tazara ba ta zama bashi, don haka 3 baƙuwar amsa ce, a sallame ta. Ni kaina wannan ramin ya taɓa cinye ni lokacin da nake nawa shirin, a jarrabawar gwaji, da dare, da fitilar waya saboda an ɗauke wuta. Na zaɓi "amsa biyu" ina ta yabon kaina cewa ban manta da ɓangaren mainos ba. Wayo ya ci mai shi.

Sai nau'in da GRE ta yi suna a kai: a ba ka adadi biyu, A da B, ka faɗi ko A ya fi, ko B ya fi, ko daidai suke, ko kuma bayanin bai isa a sani ba. A ce x > 0, A shi ne x², B shi ne x. Kowa zai gwada 2, ya ga 4 ta fi 2, ya gwada 10 don ya ƙara tabbatarwa, ya zaɓi A. Amma 2 da 10 'yan gida ɗaya ne, shaidarsu ɗaya ce. Gwada rabi: rabin rabi kwata ne, bai kai rabi ba. Gwada 1: daidai suke. Amsar ita ce ta huɗu. Mu kuwa mun taso muna ganin "ba za a iya sani ba" kamar gazawa ce, kamar ɗalibin da ya miƙa farar takarda. Na lura ɗalibaina suna jin nauyin zaɓar ta ko da sun gan ta ƙuru-ƙuru. Don haka nake tilasta musu, kafin su yanke hukunci, su kira shaidu daga gidaje daban-daban: sifili, 1, −1, guntuwar lamba tsakanin sifili da 1, takwararta ta ɓangaren bashi, sannan babbar lamba ta kowane gefe. Kuma su gwada da niyyar ƙaryata kansu, ba da niyyar samun mai goya musu baya ba.

Ɗaya kuma da sauri: in an ce a yana tsakanin −4 da 3, b yana tsakanin −5 da 2, har da iyakokin, mafi girman a sau b ba 6 ba ne, 20 ne, don bashi sau bashi dukiya yake haifarwa. Ninka kusurwoyin huɗu duka ka duba.

Na san za a ce min ai wasu jami'o'in sun daina neman GRE tun bayan annobar korona. Gaskiya ne, wasu sun daina, wasu sun mayar da ita ganin dama. Duba shafin sashen da kake nema kafin ka kashe kuɗinka. Amma in har za ka zauna mata, ka daina bin masu tallar "sirrika hamsin na cinye lissafi cikin mako ɗaya". Ƙarin hadda ce suke sayar maka a kan haddar da ta riga ta kayar da kai. Fara da tambayoyin gwaji na masu jarrabawar da kansu, ka yi kaɗan a rana, kuma duk wadda ka faɗi ka rubuta dalilin faɗuwar da kalmominka, ko da Hausa ne. Ni littafina na kurakurai da Hausa na rubuta shi, cike yake da "ka sake mantawa y na iya zama bashi, kai wane irin mutum ne".

Asabar da ta wuce na rubuta musu |x| = −x a allo, na ce me za a iya cewa game da x. Ma'aikacin bankin ya ce ba zai yiwu ba, tunda tazara ba ta zama mainos. Injiniyan nan, wanda ya fara da x > −4, bai ce uffan ba. Ya ja layi a takardarsa, ya saka −5 ya ga ta zauna, ya saka 5 ya ga ta ƙi. Ya ɗaga hannu, sai kuma ya sauke, ya koma ya gwada sifili. Sannan ya ce, "Malam, x bashi ne, ko kuma babu ko sisi."