Alhaji Bakano da Ƙidayar Kwamfuta

Kasuwar Dole, Damagaram. Alhaji Bakano mai atamfa na zaune a rumfarsa, ɗan lakwal ya buɗe kwamfuta, Buzu na fifita gawayin shayi.

Alhaji: Kai ɗan Damagaram, dila goma na sauke daga Kano. Yaya na'urarka ta tsaya a kan 9? Ina guda?

Ɗan lakwal: Daga sifiri take farawa, Alhaji. Dubi nan, harafin i ne ke riƙe da ƙidayar: i = 0; i < 10; i++. Daga 0 zuwa 9, goma ke nan cif.

Alhaji: Dilar da na biya wa kuɗin duwan a Ɗan Barto ce sifiri? Maza sa ta kai 10!

Ɗan lakwal: To, na mai da shi i <= 10. Yanzu sau 11 ta zagaya.

Alhaji: Sha ɗaya? Alhamdu lillahi! Kar ka sake taɓa ta.

Ɗan lakwal: Ta sha ɗayan fa babu ita. A yaren C da na rubuta wa kwamfutar umarni da shi, in ka wuce ƙarshen jeri, wurin da ba naka ba ka leƙa.

Alhaji: Mai leƙe ai bai ɗauka ba. Waɗannan ƙari biyun fa, na mene ne?

Ɗan lakwal: Ƙara ɗaya. A ce i biyar ce. In ka rubuta ++i, sai ta ƙara tukuna ta ce maka 6. In i++ ce, 5 za ta ce maka, sannan ta ƙara a bayan idonka.

Alhaji: Madalla. Bashin da nake bi, sa ++i. Wanda ake bi na, i++.

Ɗan lakwal: Ko ta ina, 6 ce a ƙarshe.

Alhaji: To cire ta gaba ɗaya.

Ɗan lakwal: Sai i ta zauna a sifiri, tana ta zagaye ba ranar tsayawa, sai in an ɗauke wuta.

Buzu: Kamar "gobe" ta Alhaji ke nan. Tun bara nake jin ta. Yaro, kofi nawa ka rubuta mini a kansa?

Ɗan lakwal: 255. Af! Kar a zuba masa, Baba Buzu. A bayit ɗaya, wato ɗan gurbin ajiya na kwamfuta, na ajiye lissafin, kuma 255 ce iyakarsa.

Alhaji: In an ƙara ɗaya fa?

Ɗan lakwal: Sai ya koma sifiri.

Alhaji (ya gyara zama): Sifiri sifiri, ko irin na ɗazu?

Ɗan lakwal: Na gaske.

Alhaji: Buzu, ɗan'uwana, zubo mini mai kumfa.

Buzu (ya rungume buta): Wallahi yau shayi ya ƙare.

Alhaji: To sayar mini da ɗaya, bashi.