Ba Harry Potter ne ya fara shiga makarantar sihiri ba

Mutane da yawa sun ɗauka J.K. Rowling ce ta fara kawo labarin yaron da aka kai makarantar koyon sihiri. Ba haka abin yake ba. Littafinta na farko, Harry Potter and the Philosopher's Stone, ya fito ne a Ingila a 1997, kuma a shekarar ya ci kyautar Smarties ta littattafan yara. Tun kusan shekara talatin kafin nan, a 1968, wata marubuciya 'yar Amurka, Ursula K. Le Guin, ta wallafa A Wizard of Earthsea, wanda ya samu kyautar Boston Globe-Horn Book a 1969.

Jarumin littafin, Ged, ɗan maƙeri ne mai kiwon awaki a tsibirin Gont, kuma ba farar fata ba ne, abin da ba kasafai ake gani a irin waɗannan littattafai a lokacin ba. A makarantar sihiri ta tsibirin Roke aka koya masa cewa duk wanda ya san ainihin sunan abu, to, yana da iko a kansa. Girman kai da gasa da wani ɗalibi suka sa ya kira ruhin matacciya, sai wata inuwa ta kubce ta yage masa fuska. Daga nan sai gudu, daga baya ya juya shi ke farautarta, har ya gane da sunansa zai kira ta.

Wannan bai sa Rowling ta zama ɓarauniyar basira ba, don salon nasu ya sha bamban: nata cike yake da raha da abokai, na Le Guin kuwa nauyi gare shi. Ko a Ingila ma, marubuciya Jill Murphy ta riga Rowling da littafinta The Worst Witch, labarin wata yarinya a makarantar sihiri, a 1974.