Ɗan Waken Da Ya Tona Min Asiri

Kun dai san halin da muke ciki da Auta tun da likita ya ce a raba shi da alkama da madara. Burodi, taliya, Indomie, gurasa, funkaso, cincin, har Semovita da na daɗe ina ɗauka masara ce ashe alkama ce, duk an sallame su. Nono da yogot da man shanu ma haka. Wannan bai tayar min da hankali ba, tunda gero da dawa da masara da shinkafa da acca da rogo ba ruwansu da gulutin, sinadarin nan da ke cikin alkama. Inda gizo ke saƙar, likita ya ce tunda an cire madara a dage masa da ganye. Yaron da in ya hango kore a kwano sai ya ja da baya kamar an nuna masa allura.

Sai na shiga fasa-ƙwauri.

Na fara da alale: wake gwangwani biyu, dafaffiyar kabewa da aka tsane rabin gwangwani, a markaɗa tare da attaruhu da albasa, manja ya rufe launin. Wata rana na zarme na zuba gwangwani guda, awa ɗaya a wuta yana nan kamar kunu, don kabewa ruwa ce, in za ki sa ta sai kin rage ruwan markaɗe. Ƙosai da alayyafo kuwa kada ma ki fara. Ganyen ya saki ruwa, mai ya yi ta tartsatsi har ya ƙona ni a hannu, ƙosan ya sha mai ya baje, ga koren nan ɓaro-ɓaro.

Ɗan wake ne ya karɓe ni, saboda kuka ta riga ta rina shi. Garin wake gwangwani ɗaya, garin rogo gwangwani ɗaya, kuka cokali biyu, ruwan kanwa kaɗan, sai garin zogale ƙaramin cokali ɗaya tak, wanda na shanya a inuwa na daka na tankaɗe sau biyu. Tunda babu fulawa, rogon da kukar ne ke riƙe shi, don haka kwaɓin ya ɗan yi tauri, kuma sai ruwa ya tafasa sosai kafin a saka, in ba haka ba ya narke. In ya taso a ba shi minti goma.

Garin ma sai da na sha fama da mai niƙan layinmu. Da asuba nake zuwa don nawa ya zama na farko, in sa ya goge injin, ya fara wuce min da masara gwangwani guda a zubar. Shi ne mutumin nan ya laƙaba min "Hajiya Gulutin", yana faɗa da ƙarfi yaran layi na dariya. Ran nan ya niƙa alkamar biki, ya rantse min ya goge, Auta ya kwana uku yana riƙe da ciki. Da na je masa sai cewa ya yi, "Hajiya, ɗan ƙurar?" Ɗan ƙurar! Har yau canjina naira 200 na hannunsa, kuma ban yafe ba.

To mako uku kwanon Auta na dawowa fes. Kaina ya kumbura. Ranar Juma'a da za mu gidan Hajiya na ce bari in nuna musu aiki, na ɗaga zogalen zuwa babban cokali uku.

Falo cike. Ga Hajiya, ga Goggo, ga Maman 'yan biyu, ga Anti Ƙarama, wadda tun farko take cewa ciwon Auta na 'yan gayu ne. Na buɗe kula, na zuba, na barbaɗa yaji da mangyaɗa, na rage murya na shiga ba su lacca. Har da ɗaga yatsa. Na ce ai yaro dabara yake so, ba tsawa ba. Na ce mako uku yana cin zogale bai sani ba. Maman 'yan biyu har ta ciro waya tana rubuta awon. Na ce, "Ku dai ku zuba ido."

Aka zuba. Auta ya ɗauki guda, ya juya shi, ya shinshina, ya sa a baki. Tauna ɗaya, biyu, ya tsaya cak. Ni kuma ina ta murmushi ina gyaɗa kai kamar mai jiran a miƙo mata kofi. Sai ya taka a hankali har gaban Hajiya, ya kamo hannunta, ya buɗe tafin, ya tofa mata shi a ciki.

"Hajiya riƙe min. Yau Umma ta cika ciyawar."

Yau. Kalmar nan ita ta kashe ni. Anti Ƙarama ta ce, "Yau? Da can fa?" Kafin in buɗe baki yayarsa, 'yar da na haifa da cikina, ta ce, "Ai da ma ba ya ci. Ta taga yake miƙa wa akuyar su Maman 'yan biyu. Alalen ma ita ce."

Falon ya yi tsit. Maman 'yan biyu ta dubi wayarta, ta dube ni, ta ce, "Wallahi shi ya sa ta yi ƙiba." Ba da mugunta ta faɗa ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Goggo ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Anti Ƙarama ba ta yi dariya ba, cewa kawai ta yi, "Yaro dabara yake so," ta ci gaba da shan zoɓonta. Ni kuwa murmushin ya ƙi sauka daga fuskata, ya daskare a wurin, ga ludayi a hannu.

Hajiya ta wanke hannu ba ta ce uffan ba, ta jawo kwanonta na kwaɗon zogale, ganye tsagwaronsa da ƙuli da tumatir da albasa. Auta ya matso yana leƙe. Ta janye kwanon ta ce, "Maigida, wannan ba na yara ba ne, matsa can." Ya sa kuka. Ta ce to loma ɗaya. Ya yi bakwai, ina ƙirgawa. Na yi ƙarfin halin tambaya ko dunƙulen da ta sa babu alkama a ciki, don wasu sai an karanta takardar. Ta ce, "'Yar nan, gishiri ne da ƙuli."

Washegari na yi kwaɗon a gida, na tafasa ganyen na matse yadda ta yi, na zauna na ce masa ba na yara ba ne. Ya ce to, ya tafi wasansa.

Kulata ma tana can gidan Hajiya, na kasa komawa in ɗauko. Akuyar kuma kullum da la'asar tana bakin taga.