Yoga da barin nama: amfanin yana nan, amma da sharaɗi

A garin Rishikesh, bakin kogin Ganga a arewacin Indiya, inda jama'a daga ko'ina suke zuwa koyon yoga, wato atisayen miƙe jiki da sarrafa numfashi, ko ka zagaya kasuwa kaf ba za ka ga mahauci ba. Dokar gari ta hana sayar da nama da kifi da ƙwai, kuma a 2004 Kotun Ƙolin Indiya ta tabbatar da hanin ƙwan. Abincin da aka fi zuba wa ɗalibai shi ne kicari, wato shinkafa da ƙananan wake da aka dafa tare har suka yi luguf, aka sa kurkur da ɗan man shanu. Ɗan'uwan shinkafa da wakenmu ne, sai dai ya fi shi laushi.

Dalilin farko da ya sa masu yoga ke barin nama na aƙida ne. Patanjali, tsohon malamin Indiya da ya tattara ƙa'idojin yoga, ya sa ahimsa, wato kada ka cutar da mai rai, a sahun gaba na ɗabi'un mai yoga. Wannan tasu ce. Mu nama halal ne, muna layya, muna yanka ragon suna, kuma babu mai bukatar sauya imaninsa don ya miƙe ƙashin bayansa.

Dalili na biyu shi ne wanda nake ganin ya shafi kowa. Yoga murɗa jiki ne, da sunkuyawa, da kifa kai ƙasa, da jan numfashi mai tsawo. Nama da kitse suna daɗewa a ciki kafin su narke. Wanda ya kwana da tsire da maiƙo ya tashi da asuba zai kai goshinsa gwiwa, tumbinsa ne zai fara tare shi, numfashin kuma ya tsaya a ƙirji. Wake da ganye da hatsi kuwa suna da dusar da ke sauƙaƙa bahaya, ciki ya wayi gari sakayau. Littafin Hatha Yoga Pradipika na ƙarni na 15 ya ce a bar kashi ɗaya cikin huɗu na ciki babu komai. Duk wanda ya san hadisin kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi, wannan magana ba baƙuwa ba ce a kunnensa.

Inda nake saɓawa da masu tallar wannan tsari shi ne yadda suke nuna kamar barin nama kaɗai ya isa. Bai isa ba. Mutum zai iya ƙin nama ya cika cikinsa da samosa da alewar madara da shayi mai sukari, kuma Indiya, duk da yawan marasa cin namanta, tana cikin ƙasashen da suka fi yawan masu ciwon suga a duniya. Wanda ya cire nama, dole ya san abin da zai maye gurbinsa.

Sinadarin B12, wani nau'in bitamin da ke cikin nama da madara, ba a samunsa a tsirrai, rashinsa kuma yana kawo ƙarancin jini da mutuwar jiki. A tsohon abincin masu yoga, madara ce ke cike wannan giɓi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da alayyahu ma jiki ya fi ɗaukarsa idan an matsa lemun tsami a kai. Mai son gwadawa a nan gida ba sai ya nemi kayan waje ba: kwaɗon zogale da ƙuli da tumatir da yamma, fura da nono da rana, sannan ya bar awa uku tsakanin kwano da tabarmar atisaye.