Liyafar ofis da ake cewa "ba dole ba ne"

A yawancin ofisoshin Abuja, da zarar Disamba ta kama ko wani darakta ya kusa ritaya, sai saƙo ya faɗo a zauren WhatsApp na ma'aikata: akwai liyafa ranar Juma'a da yamma, kowa ya kawo gudummawarsa, ga kuma kuɗin anko. A ƙasan saƙon akan rubuta cewa ba dole ba ne. Duk wanda ya shekara a bakin aiki ya san zancen ba haka yake ba, domin akwai mai riƙe da takardar sunaye, kuma takardar nan sai ta isa teburin oga.

A ganina wannan haraji ne aka ɗora wa ƙananan ma'aikata, kuma aiki ne da ba a biyan ladansa.

A duba wanda abin ya fi ci wa tuwo a ƙwarya. Darakta yana Maitama ko Asokoro, direbansa na jiransa a waje. Masinja ko akawu kuwa daga Mararaba yake zuwa, ko Suleja, ko Gwagwalada, tun bayan sallar asuba yake fita don gudun cunkoson hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin mota ke lashe kaso mai tsoka na albashinsa, mafi ƙarancin albashin kuwa naira 70,000 ne tun Yulin 2024. A cikin wannan ne za a ce ya fitar da kuɗin yadi da na ɗinki, ya zauna a wani lambun shaƙatawa a Wuse har bayan isha'i, sannan ya fito neman motar gida cikin dare, a garin da kowa ke fargabar 'yan fashin da ke amfani da motocin haya. Matar aure da yara ke jiranta a gida, in ta tashi da wuri, washegari sai a ce ba ta da haɗin kai. Haka wanda addininsa ya hana shi zama inda ake shan giya, Musulmi ne ko Kirista, alhali sashe na 38 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba shi 'yancin bin abin da ya yi imani da shi.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ake ƙullawa a wurin. A gefen tebur, ana cin gasasshen kifi, ake yanke wanda za a tura bita, da wanda zai bi oga tafiya mai alawus, da wanda za a mayar sashen da ba kowa ke so ba. 'Yan fada na ƙirga wanda ya zo da wanda ya sulale. Idan ofis ya rabu gida biyu, halartar liyafar bankwanan wani darakta kan zama shaidar ɓangaren da mutum yake. Ogan da ya lura ba ka zo ba kuma shi ne zai cike takardar auna ƙwazonka ta shekara, wadda ake dubawa lokacin ƙarin girma. Ta haka ma'aikaci mai hazaƙa ke tsayawa wuri guda, ɗan fadanci ya wuce shi.

Masu kare wannan al'ada kan ce zumunci a ƙafa yake, kuma gaskiyarsu. Amma idan aka yi wa abokin aiki rasuwa ko haihuwa, ai mutane da kansu suke cika mota su tafi Kubwa ko Lugbe gaisuwa ko barka, ba wanda ya rubuta sunan kowa.

Ofishin da ke son liyafa ya yi ta cikin lokacin aiki, kafin ƙarfe 4 na yamma, da kuɗin ofis, a kuma daina ɗaukar sunaye. Ya kamata shugabannin ƙungiyoyin ƙwadago na ma'aikatu su sa wannan cikin buƙatunsu. Kyautar daraktan da zai yi ritaya kuwa, daraktoci 'yan uwansa su haɗa masa, a cire masinja da direba daga lissafin.