Wanda ya sayi manhaja, a bar masa hanyar canza saitinta

A watan Nuwamban 2014 lambobin waya a Kamaru suka koma tara daga takwas, aka ƙara 6 a gaban na salula. Ga mai waya abin bai wuce gyaran littafin lambobi ba. Amma duk manhajar da aka rubuta a cikinta cewa lamba takwas ce kawai halattacciya, ranar ta fara ƙin karɓar lambar kowa, kuma babu mai iya lallashinta sai wanda ya rubuta ta.

Irin waɗannan ƙananan manhajoji na baƙin allo, marasa hoto da maɓallan latsawa, sun fi yawa fiye da yadda ake zato. Su ne ke tattara cinikin rana a kantin magani a Garwa, ko su tura wa masu bashi saƙon tuni, ko su kwashe ajiyar bayanai cikin dare. Ra'ayina shi ne, duk abin da zai iya canzawa ba tare da aikin manhajar ya canza ba, bai kamata a binne shi a cikinta ba. Adireshin sabar (kwamfutar da manhajar ke haɗuwa da ita), sunan rumbun bayanai, kason haraji, farashin canji, duk wurinsu fayil ne daban da ke zaune kusa da manhajar.

Hanyar ba sabuwa ba ce. Tun zamanin tsohuwar Windows ake da fayilolin INI. A .NET, tsarin rubuta manhaja na Microsoft, mai rubutu yana zuba saiti a App.config, idan aka harhaɗa manhajar sai fayil ɗin ya fito da sunanta, misali Ciniki.exe.config. Wannan na biyun ake buɗewa da Notepad a kwamfutar kanti, kuma nan mutane da yawa ke ruɗewa, su yi ta gyaran na farko suna mamakin shiru. Sababbin manhajojin .NET tun daga 2016 galibi appsettings.json suke amfani da shi. A gyara layi ɗaya, a adana, a sake tayar da manhajar, shi ke nan.

Mu da ke bakin iyaka mun fi kowa buƙatar wannan. Harajin TVA, wanda ake ɗorawa kan kayan sayarwa, a Kamaru kashi 19.25 ne cikin ɗari, Chadi kuma tana da tata dokar haraji. Ɗan kasuwan da ke da shago a Kusiri da wani a Njamena, gada ce kawai tsakaninsu, me zai sa ya biya kuɗin manhaja biyu? Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 duk yuro ɗaya, amma naira, wadda masu sayo kaya daga Mubi da Maiduguri ke lissafi da ita, tun da aka sake ta kasuwa ta yanke farashinta a watan Yunin 2023 ba ta zauna wuri ɗaya ba. Wanda ya kafe farashin canji a cikin manhaja tamkar tela ne da ya ɗinka wando ba tazuge.

Masu rubuta manhaja suna da tasu hujja, kuma ba ta banza ba ce. Sukan ce idan ka bar fayil a buɗe, yaron shago zai goge waƙafi ɗaya a fayil ɗin saiti komai ya tsaya, sannan kai za a kira da asuba. Haka ne. Maganinsa manhajar ta duba saitin tana tashi, ta faɗi a fili layin da ya lalace, a kuma ajiye kwafin fayil mai kyau a gefe. Batun kalmar sirri ya fi nauyi: rubuta ta a fili a fayil ɗin da kowa ke buɗewa ganganci ne, gara a ajiye ta a saitin tsarin kwamfutar, a taƙaita masu izinin gani. Ita ma dokar lissafi kanta, yadda ake fitar da riba ko ragi, ta zauna cikin manhajar.

Sai dai akwai wata hujjar da ba a faɗa da baki. Wasu da gangan suke binne komai, don kowane ɗan canji ya zama sabon ciniki. Injiniya yana Yawunde ko Duwala, mai kanti yana Marwa, a jira shi mako guda, a biya masa mota da masauki, saboda lamba ɗaya. Kafin Alhaji ya biya cikon kuɗi, ya sa a buɗe masa fayil ɗin saiti a gabansa, a canza kason haraji, ya ga rasit ya fito da sabon lissafi, a kuma rubuta masa a takarda abin da kowane layi yake nufi.