Dillalin da mai kaya bai san da shi ba

Ƙanwata tana sayar da atamfa da turaren wuta a Birnin Kebbi, kuma tana da shago a intanet. Wata Asabar wata mata ta kira ta daga Argungu tana faɗa, wai ta tura kuɗi mako biyu ba ta ga kaya ba. Ashe wani shago daban ta tura wa. Da muka leƙa, hotunan ƙanwata ne gaba ɗaya, har da tabarmar ɗakin Inna da ta shimfiɗa atamfofin a kai, sai dai an ɗora dubu uku kan kowane turmi.

Ba hannu ne ya kwashe su ba. Manhaja ake sakin wa shago, ta bi shi kaya bayan kaya cikin dare, ta ɗebe hoto da farashi da bayani kafin asuba.

Wasu na cewa ai dillanci ne. Ban yarda ba. Dillalin albasa a Aliero mai kaya ya san fuskarsa, sun yi magana kan la'ada, in ciniki ya ɓaci an san inda za a same shi. Wannan kuwa riba tasa, zagi na mai kaya.

Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta kare hoton da mutum ya ɗauka, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015. Amma mai ƙaramin jari ba ta da kuɗin bin ɓarawon da ba ta san garinsu ba, don haka gyara daga gida zai fara. A buga sunan shago da lambar waya a tsakiyar hoto, kada a gefe inda za a yanke. Farashin sari a daina baje shi, sai wanda ya yi rajista. Wanda ya gina maka shago ka ce ya sa iyaka, duk na'urar da ta buɗe kaya ɗari cikin minti guda a tare ta. Fayil ɗin robots.txt, wanda ake sa wa shago don gaya wa manhajoji inda ba a so su shiga, roƙo ne kawai, ɓarawo ba ya jin sa.

Abin da nake tsoro shi ne a wuce gona da iri. Mai saye daga Kamba ko Zuru da sabis ke ɗauke masa, in ka tsare shi da gwajin zaɓen hotuna na tantance mutum ne ko na'ura har sau uku kafin ya ga turmi ɗaya, tafiya zai yi. Gwajin a ajiye shi sai wajen biyan kuɗi, ko ga wanda ya yi odar da ta fi ƙarfin mai saye ɗaya.